Rabon kayan wankin mota daga jarka: HDPE, PET ko kwalba?

Malam, ka ce ka sayi kayan wankin mota a jarkoki masu lita biyar-biyar: shamfu, mai cire maiƙo, mai wanke rim, mai cire kwalta da man goge fenti. Kana so ka rarraba su a ƙananan robobi, amma ka rasa wadda za ka ɗauka tsakanin mai garau kamar gilashi da mai hazo-hazo, ga kuma wani ya ce maka kwalba ta fi su duka.

Kafin komai, kifa robar ka duba gindinta. Akwai lamba a cikin wata 'yar alama mai kusurwa uku. In ka ga 1, PET ce, irin ta ruwan sha. In ka ga 2, HDPE ce, mai hazo-hazon. Yanzu ɗaga jarkokin da ka saya ka duba nasu gindin, kusan duka 2 za ka tarar. Masu haɗa kayan sun riga sun yi maka rabin aikin.

PET tana da abin so. Kana ganin launin abin da ke ciki da inda ya tsaya, ba ta da nauyi, kuma in aka jera ta a kan kanta sai wurin ya yi kyau. Ga ruwan goge gilashi, ko feshin ƙyalli na bayan wanki, ko shamfu marar kaifi, ba ta da laifi. Matsalarta tana tasowa ne in ta haɗu da abu mai kaifin soda. Yawancin masu cire maiƙo masu ƙarfi suna da pH, wato ma'aunin kaifin asid da soda, wajen 12 zuwa 13, wasu ma da kaustik soda a ciki, kuma PET dangin foliyesta ce, wadda soda ke ci sannu a hankali. Ba a rana ɗaya take nunawa ba. Da farko garau ɗin ya dushe, sai ƙananan tsage siririya kamar gashi su fito a kewayen gindi inda robar ta lanƙwasa, sai wata safiya ka ɗaga ta ka ga da'irar danshi a kan katako. Asiton ma, sinadarin goge jan farce, ba ya raga mata. Ga zafi: tana fara laushi tun wajen digiri 70, kuma saman dashbod na motar da aka kulle a rana yana iya kaiwa nan.

HDPE ba ta da wannan kyan, da ƙyar kake hango tsayin ruwan sai ka ɗaga ta wajen haske. Amma asid da soda duk tana ɗauka, haka barasar goge fenti, ta faɗi a siminti ta yi tsalle ba ta fashe ba, kuma sai wajen digiri 130 take narkewa. A cikin kaya biyar da ka lissafa, uku za su zauna a cikinta lafiya lau. Inda take gazawa shi ne masu narkarwa na dangin fetur, irin su mai cire kwalta da mai cire gam. Waɗannan suna ratsa jikin robar a hankali. Za ka ga gefenta ya lotsa ciki kamar an tsotse ta, takardar da ka manna ta saki, wari kuma ya cika but ɗin mota ko da murfin a ɗaure yake. Akwai HDPE da ake yi wa aikin fulorin don ta toshe wannan ratsawa, ita ce ta dace da su. In mai cire kwaltarka a gwangwanin ƙarfe ya zo, kada ka mayar da shi robar da ba ka san asalinta ba.

Kwalba kuwa, wanda ya ba ka shawarar bai yi ƙarya ba, rabin gaskiya dai ya faɗa. Masu narkarwa ba sa taɓa gilashi. Sai dai wasu masu wanke rim na asid suna ɗauke da asid ɗin haidurofulorik ko gishirinsa, kuma aikin wannan asid kenan, cin gilashi. Ko ba wannan ba, ka dubi inda kake aiki: hannu da kumfa, ƙasa a jiƙe, fenti a gefenka. Ni ba na kusantar mota da kwalba. Gorar alminiyom ma ka bar ta, domin soda mai ƙarfi in ya taɓa alminiyom iskar haidurojin yake fitarwa, a rufaffiyar gora kuwa hakan kan kai ga kumbura har ta fashe.

To amma abin da zai fara mutuwa a hannunka ba jikin robar ba ne, kan feshin ne, kuma nan mutane suka fi yin asara. A cikin kan akwai sifirin da ƙananan zobban roba masu hana yoyo, su ne sinadarin ke fara ci. Iri biyu aka fi samu a masu kyau. EPDM yana jure soda da barasa, amma da mai na fetur ya taɓa shi sai ya kumbura. Viton shi ne akasinsa, mai da yawancin asid ba sa damunsa, soda mai ƙarfi ne ba ya so. Saboda haka rubutun “mai jure sinadari” a jikin kai bai wadatar ba, sai ka tambaya wane zobe ne a ciki. Alamar mutuwa ɗaya ce: ka matsa, hannun ya maƙale bai dawo ba, ko ruwan ya riƙa bin yatsunka maimakon ya fita ta baki. Mai cire ƙurar ƙarfe, wannan mai warin ruɓaɓɓen ƙwai da ke komawa shunayya a kan rim, ya ƙware wajen kashe kan feshi. In ka gama da shi, tsoma bututun a ruwa mai tsabta ka yi feshi kaɗan kafin ka ajiye.

Ka kuma lura da bakin robar, inda kan feshin ke murɗuwa. Za ka ga an rubuta 28/400 ko 28/410. Faɗin ɗaya ne, milimita 28, amma wuyan 410 ya fi tsawo. In ka haɗa kan wannan da robar wancan zai murɗu kamar ya zauna, sai ka karkata robar ka ga tana zuba. Sayen roba da kanta tare ya fi sauƙi.

Batun girma, ni rabin lita nake zaɓa a kan lita guda ga kusan komai. Lita guda ta ruwa kilo guda ce, kuma wuyan hannu ne ke riƙe da ita har ka zagaye mota. Bayan haka, abin da aka sirka da ruwa ba ya daɗewa kamar tsantsarsa, gara ka haɗa wanda zai ƙare da wuri. Lita guda ta dace da wanda ake zubarwa da yawa, kamar na taya da na ƙasan mota. In robobin na ma'aunin Amurka ne, mai oza 16 mililita 473 ce, mai oza 32 kuma 946, ba cikakkiyar lita ba. A lissafin sirki ma ana zamewa: 1:10 yana nufin kashi ɗaya na sinadari da goma na ruwa, jimla sha ɗaya, wato wajen mililita 91 a lita, 45 a rabin lita. Ruwa za ka fara zubawa, sannan sinadarin, kumfa ba za ta cika maka roba ba, asid kuma dama a kan ruwa ake zuba shi.

Wasu kayan ba sa buƙatar rabo. Shamfu, sa wa jarkar famfon matsawa, yawancinsu suna fitar da wajen mililita 30 a matsa ɗaya, ka auna naka sau ɗaya ka sani. Man goge fenti yana son robar matsawa mai laushi, lamba 4, mai tsinin baki, ta mililita 250, amma ka girgiza babbar sosai kafin ka zuba, domin garin gogewar yana kwanciya a ƙasa. Ruwan seramik na rufe fenti kada ka taɓa shi, danshin iska ne ke busar da shi, shi ya sa ake sayar da shi a 'yan kwalabe na mililita 30 ko 50.

Robar lemo ko ta ruwan sha kada ta shigo wannan lissafi ko kaɗan. Kayan nan launinsu ja ne da kore da ruwan ɗorawa, yaro ba zai bambance ba. Kowace roba kuma ta tsaya a kan abu ɗaya, kada yau ta ɗauki asid gobe bilic, haɗuwarsu iskar kulorin ce. Rubuta suna da ma'aunin sirki da ranar da ka haɗa, sannan ka rufe rubutun da salatif mai garau, domin ɗigon barasa ko na mai cire kwalta yana goge tawadar rubutun nan take.