CAPOX ko FOLFOX bayan tiyatar hanji: amsa ga ɗan'uwanmu na Daura

Wa alaikumus salam, Malam. Allah ya ba Baba lafiya, ya sa kaffara ce. Tunda an riga an yanke ɓangaren babban hanjin da ciwon dajin ya kama, kuma likita ya ba ku zaɓi tsakanin CAPOX da FOLFOX, haɗin magungunan kemo guda biyu da ake bayarwa bayan tiyata don hana cutar dawowa, saboda cutar ta kai ga kaluluwar da ke kusa, wato mataki na uku, shawarata ku ɗauki CAPOX, muddin gwajin ƙoda ya nuna babu matsala. Ina faɗin haka ne daga jinyar Yayana, wanda ni na yi ta kai shi asibiti daga nan Daura.

Dukansu biyun suna da maganin oxaliplatin da ake sa wa a ƙarin ruwa, bambancin yana ga abokin tafiyarsa. A CAPOX ana ba da ƙarin ruwan rana ɗaya, sannan majinyaci ya koma gida da ƙwayoyin capecitabine, waɗanda aka fi sani da Xeloda, yana sha safe da dare bayan cin abinci har kwana 14, ya huta kwana 7, sai a sake zagayowa. Ke nan zuwa asibiti sau ɗaya ne a mako uku. Wanda bai taɓa ɗaukar mara lafiya da ɗinki a ciki ya bi da shi hanyar Kazaure zuwa Kano ba, ba zai gane girman wannan sauƙin ba. Mukan fita bayan sallar asuba, a yi gwajin jini, a ɗaura ruwan, kafin isha muna gida, Yaya ya kwana a ɗakinsa, uwargidansa ta dama masa kunun da ya saba. Na tabbata zaman da ya yi a cikin iyalinsa ya taimaka masa wajen jure maganin.

Sai dai maganin yana da nasa wahalar. Zagaye na biyu ya faɗo mana cikin hunturu, kuma oxaliplatin ba ya shiri da sanyi. Wata asuba Yaya ya tsoma hannu a ruwan buta domin alwala, ya janye da sauri yana cewa kamar wutar lantarki ta ja shi, da ya kurɓi ruwan randa kuma sai ya ji maƙogwaronsa ya ɗaure. Daga ranar aka riƙa ɗumama masa ruwan alwala da na sha, yana sa safar hannu da ta ƙafa. Ƙwayoyin kuma sun sa tafin hannunsa da na ƙafarsa sun yi duhu suna tsattsagewa, muka yi ta shafa man kaɗanya, da abin ya yi yawa likita ya rage adadin ƙwayoyin. Idan gudawa ta yi tsanani, ko baki ya yi gyambo har cin abinci ya gagara, ko zazzaɓi ya kai digiri 38 a ma'aunin zafin jiki, ku dakatar da ƙwayoyin ku nufi asibiti a ranar, kada a tsaya jiran ranar da aka rubuta a kati.

FOLFOX ban ce ba ya aiki ba, likitoci suna ɗaukar su kusan daidai wajen hana cutar dawowa. Amma duk mako biyu ne, har sau 12 a wata shida, kuma kowane zuwa akwai ruwan magani da ke ɗaukar kusan awa 46 yana shiga jijiya, ko dai a kwance a asibiti ko da ɗan famfo a jiki. Idan ƙodar Baba ta yi rauni likita zai iya karkata gare shi, to a nan sai a bi maganarsa.

Ku tambayi likitan adadin kaluluwar da cutar ta kama. Babban binciken IDEA da aka wallafa a 2018 ya nuna cewa idan ba su wuce uku ba, kuma ciwon bai huda bangon hanji ba, wata uku na CAPOX yana kusan daidai da wata shida, ga ƙarancin mutuwar yatsu da ke iya zama wa mutum har bayan an gama magani. Kuma a yi ƙoƙari a fara cikin mako shida zuwa takwas bayan tiyata.

Akwai abin da ba ka tambaya ba. Kafin tiyatar Yaya mun ɓata kusan wata huɗu muna sayen jarkokin jiƙo daga wani mai tallar magani a mota da lasifika, wanda ya rantse mana cewa basir ne mai tsiro. Kuɗin sun tafi, jinin bai tsaya ba, har yau ina jin zafin wannan jinkirin. Masu ƙwayoyin bogi ma suna nan, za a kawo muku capecitabine da araha mai ban mamaki a ce daga waje aka shigo da shi. Ku saya a kantin maganin asibitin ko inda likitan ya tura ku, ku duba lambar NAFDAC da ranar lalacewa, ku nuna wa mai harhaɗa magani kwalin kafin Baba ya sha ko ƙwaya ɗaya.

Gama kemo ba sallama ba ce, domin cutar ta fi dawowa a shekaru uku na farko, galibi a hanta ko huhu. Ana gwajin jini na CEA, wanda ke iya nuna alamar dawowar cutar, duk wata uku zuwa shida a shekaru biyu na farko, sannan duk wata shida har a cika biyar, da hoton CT na ƙirji da ciki aƙalla sau ɗaya a shekara a farkon lokacin, da leƙa hanji da kyamara shekara ɗaya bayan tiyata. Ku sayi fayil ku adana kowace takarda, musamman sakamakon naman da aka yanke. Kai ma, Malam, da 'yan'uwanka da kuke ciki ɗaya ko uba ɗaya, ya kamata a leƙa hanjinku daga shekara 40, ko shekara goma kafin shekarun da Baba yake da su lokacin da aka gano cutar, duk wanda ya riga zuwa. Ni an yi mini bara, shan maganin wanke ciki a daren ya fi gwajin kansa wahala.