Wasiƙa daga Houston: sayen mota da katin kantin sari

Assalamu alaikum Yaya,

Bayan gaisuwa mai yawa da fatan alheri, ina fata kana lafiya, kai da iyali da su Hajiya. Ka tambaye ni ko da gaske ne a nan Amurka mutum kan shiga kanti ya sayi shinkafa da man girki ya haɗa da mota, kuma ko zan iya saya maka ta wannan hanya in turo. Maganar ta fi ƙarfin saƙon murya, shi ya sa na zauna na rubuto.

Sunan kantin Costco. Ƙaton sito ne na 'yan sari, sun fara a birnin Seattle a 1983, kuma ba a shiga sai da katin mamba. Tun Satumban 2024 ƙaramin kati dala 65 ne a shekara, babban kuma dala 130. Mutanenmu na nan suna zuwa ne saboda buhun basmati, da famfas ɗin yara, da taya da batir, da gidan man da ke harabar, wanda galan ɗinsa kan fi na waje sauƙi. Walmart, wani babban kamfanin kantuna na nan, ma tana da irinsa, Sam's Club, ita ma da nata tsarin sayen mota.

Mota dai ba ta cikin kanti. Wani lokaci za ka tarar da guda a bakin ƙofa tana sheƙi, talla ce kawai. Dokar yawancin jihohin ƙasar nan ta ce sabuwar mota sai ta hannun dila mai lasisi. Abin da kantin yake yi dillanci ne, tsarin da suke kira Costco Auto Program, wanda wani kamfani daban yake gudanarwa da sunansu tun 1989. Suna da yarjejeniya da diloli wajen 3,000. Sai ka shiga shafinsu na intanet, ka sa lambar katinka da lambar unguwarku da irin motar da kake so, su kuma su haɗa ka da dila na kusa, har da sunan ma'aikacin da za ka nema idan ka je. La'ada ba daga aljihunka take fita ba. Dilan ne yake biyan kuɗi don a bar shi cikin tsarin, a riƙa turo masa masu saye.

Da na je na nuna katina, mutumin ya kai ni wurin motar tukuna. A jikin gilashin kowace sabuwar mota akwai wata farar takarda da doka ta wajabta tun 1958: farashin da kamfani ya ba da shawara, kuɗin dakon motar daga masana'anta, kayan da aka ƙara mata, da yawan man da take sha a gari da kan babbar hanya. Muka zaga gari da ita, muka dawo, ya buɗe aljihun tebur ya ciro wata takarda ya juyo min ita. Ita ce takardar farashin mambobi. Ga kuɗin da ke jikin gilashi, ga namu a ƙasa da shi, an riga an rubuta tun kafin in zo. Ba taya, ba albarka. Ya ce min wannan ne farashin, ko yau na saya ko jibi.

Ba za ka gane darajar wannan takarda ba sai ka san irin cinikin da ake yi a nan. Mu a gida ciniki a fili yake. Mai mota ya faɗi kuɗi, ka taya, ya ce albarka, ka juya za ka tafi, dillali ya riƙo rigarka, a ƙarshe a sallama, kowa ya san lamba ɗaya ake ja a kai. A nan tambayar farko da za a yi maka ita ce nawa za ka iya biya a wata. Daga nan sai a cakuɗa abu huɗu: kuɗin motar, kuɗin tsohuwar motarka idan za su karɓa, kafin alƙalamin da za ka bayar, da biyan wata-wata. A rage maka a nan, a ƙara a can. Mai sayarwa ya tashi ya ce zai tambayi manaja, ya bar ka zaune, ya dawo da wata sabuwar lamba, haka har yamma. Baƙon da bai daɗe da zuwa ba, harshe bai gama faɗa masa ba, ga aiki na jiransa, da wuya ya fita bai yi asara ba. Irin wannan mutumin tsarin kantin ya fi yi wa amfani, kuma shi nake ba shawarar ya bi ta nan.

Amma kada a ce maka ita ce hanya mafi araha. Wanda ya iya, ya zauna ya tura wa diloli da yawa saƙo a ƙarshen wata, ya haɗa su gasa, yana iya samun ƙasa da farashin mambobi. Sannan ba kowace mota ce a cikin jerin ba, masu farin jini sukan fita daga ciki. A 2021 da 2022, lokacin da ƙarancin 'yan ƙananan na'urorin kwamfuta ya tsayar da masana'antu, diloli da dama har ɗora dubban daloli suka riƙa yi a kan kuɗin jikin gilashi, mutane kuma suna biya don ba motar.

Inda nake so ka fi lura shi ne ɗaki na biyu. Bayan an gama maganar farashi sai a shigar da kai ofishin mai kula da kuɗi, kuma takardar mambobi ba ta bin ka can. A nan ake ɗora harajin jiha, wanda a jiharmu ta Texas kashi 6.25 ne cikin ɗari, wato motar dala 30,000 harajinta kaɗai dala 1,875. Ga kuɗin rajista da lamba, ga kuɗin cike takardu na dila. Waɗannan ba makawa. Sai kuma tallan da ke biyo baya. Wanda na samu, mutum ne mai fara'a, ya juyo min allon kwamfuta da jerin abubuwa: ƙarin garanti, inshorar taya, maganin kare fenti, wata inshorar da ke cike giɓin bashi idan mota ta yi hatsari. Kowanne ba ya faɗin jimillarsa, sai dai ya ce 'yan daloli ne a wata. Na ce masa a rubuta min kuɗin da zan biya gaba ɗaya kafin in fita da motar, layi-layi, kuma a cire duk abin da doka ba ta tilasta ba. Ya yi ta kawo dalilai, ni kuma na tsaya a kan a'a. Abin da ya ƙarfafa min gwiwa shi ne tsarin yana da ma'aikatan da za ka kira su duba takardar cinikinka, kuma dila ya san idan ƙorafi ya yi yawa zai iya rasa gurbinsa.

A ɗakin nan ne kuma maganar riba take tasowa, kuma ita ta fi damun Musulmin da ke nan. Yawancin mutane da bashin banki suke sayen mota, a biya cikin shekara biyar ko shida da kuɗin ruwa. Yawan ruwan ya danganta da makin da ake ba kowa gwargwadon tarihin biyan bashinsa, daga 300 zuwa 850. Sabon zuwa ba shi da tarihi, don haka shi ake tsawwala wa. Sunan banki kuma yana kan takardar mallaka har ka gama biya, idan ka gaza su aiko a janye motar daga ƙofar gidanka. Kamfanonin mota kan yi tayin bashi marar ruwa a wasu lokuta, amma sai mai maki mai kyau. Ni adashin da muke yi da 'yan'uwa a nan na haɗa da ajiyata na biya a dunƙule. Ta wannan fuskar na fi son yadda muke yi a gida: ka tara, ka biya, mota ta zama taka.

Ba a barin ka fita da ita sai ka nuna inshora, kuma abin da nake biya a wata ɗaya ya ninka naira 15,000 da kuke biya a shekara sau da yawa. Bambancin shi ne idan abu ya faru suna biya. Garanti ma gaskiya ne: Toyota, misali, shekara uku ko mil 36,000, kuma idan aka gano aibi daga masana'anta wasiƙa za ta zo maka ka kai a gyara kyauta. Bayan garanti kuwa sai addu'a. Aikin bakanike a garejin dila ya haura dala 100 a awa, kuma ba sa gyara abu, sauya shi suke yi. Katin yana rage kashi 15 cikin ɗari a garejin dilolin da ke cikin tsarin, duk da haka ina kewar masu gyaranmu, waɗanda za su kwance abu su gano ƙaramin abin da ya lalace su mayar.

Babur da ƙaninmu ya tambaya, ka gaya masa a nan galibi abin shaƙatawa ne na ƙarshen mako, da lasisinsa daban, ba a neman abinci da shi, kuma ban taɓa ganin Boxer ko Jincheng a titin Houston ba.

To, batun saya maka. Ban ba ka shawarar wannan hanya ba, Yaya. Sababbin motoci ne da na hannu waɗanda dila ya tantance, farashinsu na masu albashin dala ne. Ka ɗora kuɗin jirgin ruwa da na kwastam a Legas, ragin da kati ya samo maka ya narke tun kafin ta bar tashar jirgi. Motocin da ake kawo mana gida akasari daga gwanjon Copart da IAA suke fitowa, inda kamfanonin inshora ke sayar da waɗanda suka yi hatsari ko ruwa ya ci. Guguwar Harvey kaɗai, a Agustan 2017, ta nutsar da dubban ɗaruruwan motoci a garin nan, kuma motar da ruwa ya shiga wayoyinta ba a gane ta da ido idan an wanke an goge.

Abin da zan iya yi maka daga nan ya fi wannan amfani. Duk motar Amurka da ka gani a wurin diloli kana so, ka duba ƙasan gilashin gaba ta ɓangaren direba, akwai lamba mai haruffa da alƙaluma 17. Ka buɗe ƙofar direba ka tabbatar ita ce a jikin ginshiƙin. Ka ɗauki hotonta ka turo min, in biya in ciro tarihinta a Carfax, kamfanin da ke tara bayanan motoci: hatsarin da aka rubuta mata, ko an taɓa yi mata takardar cewa ruwa ya ci ta, da mil nawa ta ci kafin ta bar ƙasar nan. Kada ka ba da ko sisi kafin amsata ta iso, sannan ka tafi da bakaniken da ka yarda da shi ya shiga ƙarƙashinta.

A gaida Hajiya da kyau, a ce ina neman addu'a. A gaida yara.

Naka,
Ƙaninka a Houston