Godot: wata 7 ina aiki da shi a Garwa, ga abin da na gani

Yara ƴan lise da yawa a unguwarmu suna tambayata wai da me za su fara in suna so su ƙera gem nasu na kansu, to bari in faɗa sau ɗaya kowa ya ji, ni dai Godot, manhajar ƙera gem, nake ba su shawara, kuma zan faɗi inda ya ba ni wahala ma.

Da farko Unity, wata manhajar ƙera gem ɗin, na nufa tunda shi kowa ke ambata, amma kafin ka gama sauke shi gigogi sun tafi, sai ka buɗe akawu, sannan tsohuwar kwamfutata mai RAM giga 4 ta fara huci kamar za ta kama wuta a zafin watan Afrilu. Godot kuwa bai kai mega 100 ba, ba a ma girka shi, ka sauke ka danna ya buɗe, ni a filash na kai wa wani ƙanena a Marwa. Kyauta ne gaba ɗaya, lasisin MIT gare shi, ko ka sayar da gem ɗinka ba mai zuwa ya ce a ba shi kaso. Wasu ƴan Ajantina biyu ne suka ƙirƙiro shi, Juan Linietsky da Ariel Manzur, suka sake shi ga kowa a 2014. Wanda ya tuna rigimar da aka yi a Satumba 2023 da Unity ya ce zai riƙa cajin kuɗi duk lokacin da aka sa gem a waya ko kwamfuta, duk da daga baya ya janye, zai gane me ya sa wannan maganar ta dame ni.

Yaren da ake rubuta masa umarni da shi, GDScript, kamar yaren Python yake, in ka taɓa ko kaɗan ba za ka sha wuya ba. In ba ka taɓa ba, nemi darussan Learn GDScript From Zero na GDQuest, kyauta ne. Daga nan ka bi darasin Dodge the Creeps da ke cikin takardun Godot ɗin kansa, har da fassarar Faransanci a wurare da dama, wanda mu nan ya fi mana sauƙi. Don Allah ka rubuta da hannunka, kar ka zauna kallon YouTube kawai mega na ƙonewa kana jin kamar ka iya. Ni da na gama darasin sai na canza hotunan, ya koma mai moto yana kauce wa awaki a hanyar kasuwa, ƙannena har faɗa suke a kan wa ya fi maki, daɗin da na ji ranar Allah kaɗai ya sani.

Inda na sha wuya kuma, Godot 4 ya fito a Maris 2023 an canza sunaye da yawa, bidiyon da aka yi da Godot 3 zai ce maka KinematicBody2D alhali yanzu CharacterBody2D ne, kwana biyu na yi ina neman laifina ashe bidiyon ne tsoho. Fitar da gem zuwa Android ma sai da haƙuri, fayilolin fitarwar kusan giga guda, ga JDK ga Android SDK, kayan aikin da ake buƙata don haɗa manhajar Android, sau biyu kuran yana ɗaukewa ina tsaka da saukewa. In kwamfutarka tsohuwa ce zaɓi Compatibility, tsarin nuna hoto mara nauyi, tun wajen buɗe sabon aiki.

Masu cewa wannan ba harkar ƴan Kamaru ba ce, Kiro'o Games na Olivier Madiba a Yawunde yake, sun fitar da gem ɗin Aurion a 2016. Ni yanzu dara nake ƙoƙarin mayarwa gem, ramukan sun zauna, saura in koya wa kwamfutar yadda za ta ci mutum.