Sharhi: Yadda Aka Yi Mini Aikin Tiyon Ruwan Tsohuwar Corolla a Suame Magazine

Mai tsohuwar mota a Kumasi ba ya rabuwa da jarkar ruwa a but. Da safe a Aboabo ko Sawaba za ka ga wannan ya ɗaga bonet yana tsiyaya wa lagireto ruwa, wancan ya fasa ledar fiya wata da haƙori yana matsawa. An saba har ana ɗauka haka mota take. Alhali ruwan inji a rufe yake zagayawa, daga lagireto ya shiga inji ya dawo, kuma mota mai lafiya sai ta yi watanni ba ta nemi ko kofi ɗaya ba. In tana neman ƙari kowane mako, to akwai inda take yoyo.

Tawa Corolla ce ƙirar 2006, irin waɗanda ake shigowa da su daga Amurka ta tashar Tema, mai injin 1.8 da ake kira 1ZZ-FE. Inji ne mai haƙuri, amma na alminiyom ne, shi kuwa alminiyom ba ya yafe zafi. In ya tafasa da kyau sau ɗaya, kan inji na iya lanƙwashewa, gaskit ya ƙone, sai a koma zancen kuɗi masu nauyi. Alamun da suka kai ni gareji kaɗan ne: ruwa na raguwa a robar ajiya, babu ɗigo a ƙasa inda take kwana, sai wani wari mai zaƙi-zaƙi da ke tasowa in na maƙale a cunkoson Anloga Junction, da allurar zafi da ke ɗan haurawa ta sauko.

Garejin da wani maƙwabcina direban tasi ya tura ni yana can cikin Magazine, unguwar makanikai da masu sayar da kayan mota a Suame, bayan layin masu walda, rumfar kwano ce kawai da benci da buta. Mai wurin dattijo ne, yaransa na kiransa Masta, yana jin Hausa da Twi duka. Abin da ya fara burge ni shi ne bai taɓa sifana ba sai da ya gano inda matsalar take. Na isa mota da zafi, ya ce, "Malam, kashe ta, ka zauna ka huta. Ba a buɗe lagireto da zafi, fuska ɗaya Allah ya ba ka." Da ta huce ya ɗauko wani ɗan famfon hannu mai agogo, ya ɗaura a bakin lagireto a madadin murfi, ya buga iska har allurar ta kai lambar da ke rubuce a kan murfin (galibi 0.9 ne ko 1.1). Muka zuba ido. Allurar ta fara sauka a hankali. Ya kunna tocila ya leƙa bayan inji, inda tiyo biyu na hita suke shiga jikin mota, sai ga ɗigo yana taruwa a ƙarƙashin ɗaya. Wurin da zafi, ruwan na ɗiga yana ƙafewa, shi ya sa ƙasa ba ta taɓa nuna komai ba. A babban tiyon sama kuma, daidai bakin kilif, ga busasshen farin gari ya daskare, alamar ya daɗe yana tsattsafo.

Da ya ce a canza dukkansu, na sama da na ƙasa da na hita da ƙananan, na ɗan yi turus, don duk wanda ya saba da Magazine ya san yadda aikin tiyo ɗaya yake haihuwa. Bai yi gardama da ni ba. Ya sa yaro ya cire tiyon ƙasa, wanda daga waje lafiyarsa ƙalau, baƙi wuluk, ya sa reza ya tsaga shi a tsaye ya buɗe mini. Cikin ya daddare, tsage-tsage kamar fason dunduniya a hunturu, kuma sun fi yawa kusa da bakin da ke haɗuwa da ƙarfe. Ya matsa wurin da yatsa biyu, ya lotsa bai dawo ba. Har zaren da aka saƙa a tsakiyar robar ya jiƙe ya yi ja da tsatsa. "Ka gani, Malam? Daga ciki take mutuwa. Rana ɗaya aka sa su a masana'anta. In na toshe mai yoyo, ƙarfin ruwa zai dawo daidai, sai ya nemi mai rauni na gaba."

Maganarsa tana kan hanya. Irin robar da ake yin tiyon ruwa da ita, EPDM, tana jure zafi, amma in ruwan ciki ya tsufa ya yi tsami, sai wata 'yar wutar lantarki ta riƙa gudana tsakanin ƙarafunan inji da ruwan, ita ke tsattsaga robar daga ciki, musamman a bakuna. Man inji in yana zuba a kanta kuma kumbura ta yake yi. Tiyon hita ma da muke rainawa, don ba mai kunna hita a Kumasi, a irin wannan mota ruwa na bi ta cikinsa kullum, ka kunna ko ba ka kunna ba.

Wajen sayen kaya ni da yaronsa muka tafi, kuma ina ba kowa shawara ya yi haka. Mai shagon farko ya fito mana da hom yus, wato tsohon kaya da aka ciro daga wata mota, wai na asali ne daga waje. Hom yus na da ranarsa: ƙofa, madubi, altaneta, har akwatin giya. Amma roba shekaru ke cinye ta, tiyon da aka ciro daga motar 2006 a Amurka sa'an naka ne. Mun sayi sababbi masu lanƙwasa irin ta motar, ba miƙaƙƙen tiyon da ake tanƙwarawa da ƙarfi ba, don wannan yana karyewa a gwiwa ya shaƙe ruwa. Masta ya ƙi yarda a zubar da kilif ɗin asali masu sifirin, waɗanda ake matsewa da filaya. Ya ce su suna bin robar, ta kumbura su buɗe, ta motse su matse, su kuwa masu sukuru in yaro ya ɗaure da ƙarfi sai su yanka roba ko su fasa bakin lagireto, wanda a wannan mota na filastik ne. Biyu kawai ya canza da suka yi tsatsa. Murfin lagireto ma an saya sabo, tunda robarsa ta taurare.

Inda na fi jin daɗin aikin shi ne tamostat, ɗan bawul ɗin da ke tare ruwa kada ya bi ta lagireto sai inji ya yi ɗumi. Da aka buɗe gidansa a ƙarshen tiyon ƙasa, wayam, wani ya cire shi tun kafin motar ta zo hannuna. Wannan al'ada ce da ta yi ƙarfi a nan: mota ta iso, a ce ƙasarmu da zafi, a cire tamostat, a haɗa fanka kai tsaye ta yi ta juyawa. Ni ban yarda da ita ba, kuma na yi murna da na tarar Masta ma haka. Tamostat ɗin Toyota irin wannan yana fara buɗewa a wajen digiri 82, aikinsa ya sa inji ya yi ɗumi da wuri ya tsaya a nan. In babu shi, inji na daɗewa da sanyi, kwamfutar mota ta ɗauka har yanzu safiya ce ta yi ta ƙara fetur, ga cin mai ga saurin lalacewa. Kuma cire shi ba ya gyara lagireton da ya toshe, ɓoye ciwon kawai yake yi.

Sun wanke hanyoyin ruwan har jan da ke fita ya koma fari, sannan aka zuba kulan, wato ruwan musamman na sanyaya inji. Na Toyota mai ruwan hoda na saya, wanda aka riga aka haɗa rabi da rabi, motar kuma na shan wajen lita 6 da rabi, don haka galan ɗaya mai lita 4 ba ya isa. Shi ya fi komai tsada a aikin. Mutane na cewa ai don ƙanƙara aka yi shi, mu ba mu da ƙanƙara. Amma ruwan famfo a digiri 100 yake tafasa, haɗin kulan da murfi mai riƙe iska kuwa yana wuce 120 bai tafasa ba, ga maganin tsatsa da ke kare alminiyom da famfon ruwa, wanda ke tura ruwan ya zagaya inji. Toyota na cewa bayan zubin farko na masana'anta a riƙa canza shi duk kilomita 80,000 ko shekara 5. Bayan an cika, ya bar murfi a buɗe inji na aiki, yana mammatsa tiyon sama, kumfa na fita yana ƙarawa, har fanka ta tashi ta tsaya da kanta. Iskar da ta maƙale a ciki ita kaɗai tana iya sa mota zafi bayan an gama aiki mai kyau.

To, ba duka ne zuma ba. An ce mini kafin azahar, sai bayan la'asar na karɓi makulli, don Masta na barin tawa ya leƙa wata. Ƙaramin tiyo ɗaya da ke zuwa wajen totur ba a samu irinsa ba, daga doguwar roba aka yanko, kuma sai da na tambaya aka faɗa mini. Sitiyari da kujera sun sha baƙin mai, ba wanda ya shimfiɗa ko leda. Rasit babu. Abin da ya fi ɓata mini rai shi ne tsohon ruwan da suka bari ya malale a ƙasa ya bi kwata. Kulan guba ne mai zaƙi, akuya ko kare ya lasa yana iya mutuwa, ga yara masu tallan ruwa na yawo da silifa a wurin. Na faɗa masa, ya ce gaskiya ne, amma ban ga alamar gobe za a tara a bokiti ba. Ragowar da ka kawo gida ma, in gidan haya ne mai yara, ka ɗaga shi sama, kada ka juye a gorar lemo.

Kuɗi kuwa, kaya da aiki gaba ɗaya sun ɗan haura abin da zan cika tanki sau biyu. Farashin kaya a Magazine yana bin dala, don haka na yau ba lalle ya zama na wata mai zuwa ba. A yi cinikin kuɗin aiki tun kafin a kwance komai.

A kwanakin farko ruwan robar ajiya ya ɗan sauka, kamar yadda ya gaya mini zai yi in ragowar iska ta fita, na ƙara daga galan, daga nan bai sake motsi ba. Na kai ta Accra ta Nkawkaw, na sha cunkoson shiga gari da iyakwandishan a kunne, allura na zaune ƙasa da rabi kaɗan. Warin nan ya tafi. Da na koma ya sake dubawa, bai karɓi ko sisi ba, sai dai ya nuna mini wani ɗan busasshen tabo a ƙarƙashin famfon ruwa, inda ɗan ramin da ke nuna sil ɗin da ke hana yoyo ya fara gajiya yake. Ya ce ba na gaggawa ba ne, in riƙa leƙawa. Wajensa zan kai shi, kuma na riga na sa a nemo mini famfon kamfanin Aisin, su ne ke yi wa Toyota.