VLC ko HandBrake: Yanko Bidiyo Daga Faifai

Malami a Garwa da ke son nuna wa ɗalibai minti biyu daga faifan DVD yana da hanya biyu, duk kyauta: manhajojin kwamfuta VLC da HandBrake.

VLC ta fi sauƙi: ka kunna faifan, ka danna jan maɓallin naɗa, ka sake dannawa inda kake son tsayawa. Sai dai hannu kan makara da daƙiƙa ɗaya, kalmar farko ta guntule, abin da ke ɓata mini rai a gaban aji.

Ni na fi son HandBrake. Za ka rubuta daƙiƙar farawa da ta ƙarewa, ta fitar maka da bidiyo samfurin MP4 wanda PowerPoint, manhajar gabatar da bayani a allo, ke karɓa ba gardama. Amma ita kaɗai ba ta buɗe faifan da aka kulle don hana kwafa.