Kilinik ɗin da muke kai ƙanena mai sikila a Garwa

Salamu alaikum ƴan uwa. Wata 4 kenan muna zarya wani ƙaramin kilinik mai zaman kansa nan Garwa ta ƙasar Kamaru ni da ƙanena, nace bari in faɗi yadda na ga aikinsu.

Yaron shekararsa 22, SS ne tun yana ƙarami mun sani, amma wallahi ba wanda ya taɓa faɗa mana sikila na kawo shanyewar ɓarin jiki, mu a tunaninmu ciwon tsofaffi ne masu hawan jini. Ranar yana shan kunu da safe kofin ya suɓuce daga hannunsa na dama, baki ya karkace magana ta ɗaure, Gwaggo har ta fara cewa iska ce a kira malam, Yaya ne ya ɗora shi a moto sai asibiti aka yi masa ƙarin jini. Bayan sallama muka koma wannan kilinik ɗin.

Abinda ya sa na riƙe su, likitar bata da gaggawa. Takarda ta ɗauka ta zana mana yadda jajayen ƙwayoyin jininsa ke lanƙwashewa kamar lauje su toshe jijiyar ƙwaƙwalwa, ga jinin kullum a ƙasa, awon ƙarfin jininsa (himogulobin) 7 ne ranar. Ta ce "ƙanena, zafin Garwa na watan Maris da Afrilu ba abokinka bane, gorar ruwa kar ta bar hannunka." Ta ɗora shi kan magungunan hidroksiyuriya da folik asid, mu kuma duk gidan ta sa aka mana awon elektroforez mai nuna nau'in jini, ni AS na fito wato mai ɗauke da gadon sikila amma ba mai ciwon ba, tace in na auri AS kowane ciki akwai yiwuwar 1 cikin 4 ya zo SS. Na kwana ina juya wannan maganar.

Inda suka gaza kuwa, maganin yakan yanke a famasinsu sai mun bi gari muna nema, kuma basu da na'urar dopla ta kai da ake duba yara masu sikila daga shekara 2 zuwa 16 don a gano haɗarin tun da wuri, wannan ya min ciwo sosai don akwai ƴar Yaya itama SS ce. Layi ma sai haƙuri, in baka zo 7 na safe ba sai azahar.

Duk da haka zan tura duk mai ɗa sikila wurinsu. Jiya da hannun daman ya riƙe cokali, yana rawa amma ya kai baki, Alhamdulillah. Alhamis zamu koma awon jini.