Jirgin ƙasan Abuja zuwa Kaduna a idon marubuciya mai yara

Ga marubuciyar da ke tafiya da yara, jirgin ƙasan da ke tashi daga tashar Idu zuwa Rigasa, wanda aka ƙaddamar a 2016, ya fi mota nesa ba kusa ba. Tafiyar takan haura awa biyu, kuma da yake akwai na'urar sanyaya wuri, ga damar miƙe ƙafa, yara kan shagala da kallon daji ta taga, ni kuwa in samu sukunin gyara babin da hidimar gida ta hana ni taɓawa. Sabon rubutu kam ba ya yiwuwa, domin autana ba ya gajiya da tambaya. Ana sayen tikiti ta intanet, kuma gara a saya da wuri, musamman gab da Sallah.